ASKAR WANZAMI TA TSAYA A KAN SUMA: Ra'ayi Game da Tsagar Magani da Cire Beli ga Jarirai a Kudancin Kogin Kaduna

Gabatarwa

Wanzanci yana daga cikin sana'o'in gargajiya da kowane ɗalibin Hausa yake karantawa tun a shekararsa ta fari. Mukan haddace kayan aikin wanzami, watau zabira da aska da ƙaho da koshiya da hantsaki, mu jera ayyukansa ɗaya bayan ɗaya, mu zuba a takardar jarrabawa, mu ci maki, shi ke nan. Abin da ba mu cika yi ba shi ne mu tsaya mu tambayi kanmu ko duk abin da muka jera ɗin nan ya cancanci a ci gaba da yin sa a yau. Maƙasudin wannan ɗan rubutu shi ne a yi wannan tambaya game da sashe guda na wanzanci, watau ayyukan da ake yi wa jarirai da aska ko da tsinin ƙarfe da sunan magani ko rigakafi. Na ɗauki unguwannin da ke kudancin kogin Kaduna a matsayin fagen magana, don kuwa can birni ne, ga asibitoci, ga makarantu, amma duk da haka zabira ba ta daina shiga gidajen haihuwa ba.

Ra'ayina a taƙaice shi ne wanzami ya zauna a matsayinsa, a girmama shi, a ma ƙara masa aiki, amma askarsa ta tsaya a kan sumar jariri, kada ta shiga bakinsa, kada ta taɓa fatarsa. Ina roƙon malamaina da 'yan'uwana ɗalibai su biyo ni a hankali su ga dalilaina.

Abin da Ake Yi wa Jariri

Idan aka yi haihuwa a gidan Bahaushe, bayan ungozoma sai wanzami. A wasu gidajen yakan zo ran kwana uku, a wasu kuma sai ran suna, ya haɗa da askin suna. Aikinsa na fari shi ne cire beli, wanda wasu ke kira belu ko hakin wuya, watau ɗan naman nan da ke reto a can ƙarshen ganɗa. An yi imani cewa in aka bar shi zai kumbura ya toshe maƙogwaro, ya hana yaro kama nono, ya jawo amai da tari da rama. Idan jaririyar mace ce, a wasu gidajen akan duba gabanta a cire abin da ake kira angurya. Idan kuma an ga harshen yaro a ɗaure, sai a yanke linzami.

Bayan waɗannan akwai tsagar magani, wadda ita ce ta fi kama da sukan allura irin na Sinawa. Yaro ya dame ka da kuka, ko cikinsa ya kumbura, ko an taɓa haƙarƙarinsa na hagu an ji saifa ta yi tauri, sai a kira wanzami ya yi masa balli-balli, watau 'yan ƙananan tsaga a jere a kan wurin da ake zargi, jini ya ɗan fito, a shafa garin magani. Akwai kuma sakiya, inda ake ƙona tsinin ƙarfe a huda kumburi. Har wa yau akwai tsagar da ake yi wa ɗan wabi, watau wanda 'yan'uwansa suka yi ta mutuwa a jere tun suna ƙanana. Tunanin da ke ƙarƙashin yawancin waɗannan ayyuka guda ne: cuta wata aba ce da ta taru a wuri ɗaya a jiki, ko mataccen jini ne, in aka buɗa mata ƙofa sai ta fita. Mai son ƙarin bayani ya duba littafin Lewis Wall na 1988 kan magungunan Hausawa, wanda ya yi bincikensa a ƙasar Malumfashi, da kuma rubuce-rubucen Bashir Aliyu Sallau kan wanzanci.

Me Ya Sa Iyaye Ke Neman Wanzami?

Amsar da ta fi sauƙi a bakin ɗan boko ita ce jahilci. Ni ban yarda da wannan amsa ba, don ruwa ba ya tsami banza. Mu dubi wurin da muke magana a kai.

Kudancin kogin Kaduna asali ƙasar Gwari ce. Tashar jirgin ƙasa ce ta fara jawo baƙi, sa'an nan masaƙu suka zo suka cika wurin. An buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri a 1957, wasu suka biyo baya, har da United Nigerian Textiles da Arewa Textiles, kana kamfanin harhaɗa motocin Peugeot ya fara aiki a 1975. Dubban ma'aikata daga ko'ina suka zauna a Kakuri da Makera da Nasarawa da Barnawa, Hausa ta zama harshen kasuwa da na maƙwabtaka tsakanin Bahaushe da Bagwari da Bajju da Jaba da Tibi da sauransu. Duk inda Hausawa suka yi zango kuwa, wanzami na biye da su, kamar yadda mahauci da maƙeri ke biye da su. Daga baya masaƙun suka durƙushe: Kaduna Textiles ta rufe a 2002, United Nigerian Textiles ta bi sahu a 2007. Magidancin da a da yake da albashi a ƙarshen wata ya koma neman na yau da na gobe. Daɗin daɗawa, rikice-rikicen 2000 da 2002 suka sa kogin ya zama kamar iyaka, jama'a da yawa suka yi ƙaura, kowa ya koma inda nasa suka fi yawa. A irin wannan hali mutum yakan ƙara riƙe wanda ya sani, ya ƙara ɗari-ɗari da wanda bai sani ba.

To, a nan ne dalilan iyaye suke fitowa fili. Na fari shi ne tsoro, kuma tsoro ne mai tushe. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a cikin kowane yara 1,000 da aka haifa a Nijeriya, 132 ba su kai shekara biyar ba. Tsohuwar da ta binne 'ya'ya uku da hannunta, in ta ce a kira wanzami, ba mugunta ta sa ta ba. Tana neman ta yi wani abu ne kafin abin da take tsoro ya iso.

Na biyu, wanzami na gida ne. Kusan kowane gida yana da wanzaminsa na gado, wanda ubansa ya yi wa uban yaron aski da kaciya. Shi yake tako ƙafa ya zo har zaure, ya gaisa, ya tambayi mai jego, ya kira kowa da sunansa. Ba ya cewa a yanki kati, ba ya cewa a kawo kuɗi kafin ya taɓa yaro. Abin da ya samu ran suna, na kuɗi ko hatsi ko nama, shi ne ladansa, in babu kuma ya yi haƙuri sai an samu.

Na uku, wanzami yana bayani da harshen da uwa take ji. Zai ce mata ga sunan cutar, ga inda take, ga yadda za a fitar da ita, sa'an nan ya nuna mata ɗan naman da ya ciro ko jinin da ya fita, ta gani da idonta. Sau da yawa mai jego takan dawo daga wurin ma'aikatan lafiya da takarda da ƙwayoyi, amma ba wanda ya gaya mata abin da ke damun ɗanta.

Na huɗu kuwa shi ne wanda na ga an fi mantawa da shi. A al'adarmu, ba uwar jariri ke yanke shawara a kansa ba, balle in ɗan fari ne. Kunya ta hana ta ko kiran sunansa, ina ga ta yi musu da uwar miji ko gwaggo a kan abin da za a yi masa? Amma duk wa'azin da ake yi a wurin awon ciki, ita ake yi wa. Watau an ɗora wa mai ƙaramin iko babban kaya, an bar masu iko a gida ba wanda ya yi musu magana.

Abin da Ilimin Likita ya Gano

Fahimtar dalilan iyaye ba ta nufin amincewa da aikin. Ga abin da ya tabbata.

Jinin jariri kaɗan ne ƙwarai. Jaririn da ya kai kilo 3 duk jinin jikinsa bai wuce kimanin rubu'in lita ba, ko kwalbar lemo ba zai cika ba. In ya zubar da cokali biyu na cin abinci, ya rasa fiye da kashi ɗaya cikin goma ke nan. Bugu da ƙari, ana haihuwar jariri da ƙarancin bitamin K, wanda shi ke taimaka wa jini ya daskare, kuma a makon fari ne wannan ƙaranci ya fi haɗari. Don haka ne ake yi wa jarirai allurarsa a asibiti. Amma binciken 2018 ɗin nan ya nuna kashi 39 cikin ɗari ne kawai na haihuwa ake yi a asibiti a ƙasar nan. Ashe ke nan ran kwana uku da ran suna, lokacin da aska ke shiga bakin jariri, su ne ranakun da jininsa ya fi wuyar tsayawa. Jinin maƙogwaro kuma ba ya fitowa waje a gan shi, haɗiye shi yaro yake yi, sai dai a ga ya yi fari ya yi laushi.

Sai kuma cututtukan da ƙarfe ke ɗauka. Ƙwayar cutar tsinkau-tsinkau, mai sa haƙora su sarƙe jiki ya sandare, tana zaune a ƙasa da ƙura, ta rauni take shiga. Ciwon hanta nau'in B yana bin jini daga wani zuwa wani, kuma cikin jarirai goma da suka kamu da shi, kimanin tara za su rayu da shi, wasu ya zame musu ajali suna tsakiyar ƙarfinsu. Wane ne zai tuna da askar ran suna bayan shekara talatin? Likitoci a Jos da Yamai sun rubuta labarin yaran da aka kawo musu bayan cire beli, da zubar jini da ruɓewar rauni da lahani a ganɗa. Beli kuwa ba cuta ba ne, halitta ce da kowa ke da ita, tana taimakawa wajen rufe hanyar hanci idan mutum yana haɗiya. Haka ita ma anguryar da ake gani a jikin jaririya, yawanci ɗan kumburi ne da ke bajewa da kansa cikin 'yan makonni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cire ta a cikin jerin kaciyar mata, dokar tarayya ta 2015 ta hana, Jihar Kaduna ma ta yi tata dokar a 2018.

Haɗari na uku shi ne jinkiri. Saifar da ta kumbura alama ce, galibi ta zazzaɓin cizon sauro da ya daɗe, ko ta sikila. Maɗigar da ta faɗa alama ce ta ƙarewar ruwa a jiki saboda zawo, maganinta ruwan gishiri da sukari da nono. Jaririn da ya ƙi kama nono a makonsa na fari, wataƙila cuta ce ta shiga jininsa, kuma awoyi ake ƙirgawa, ba kwanaki ba. Duk ranar da aka ɓata ana jiran tsaga ta yi aiki, cuta ce aka ba wa.

Na san za a ce da ni, "Ai mu ma an yi mana, ga mu nan da ranmu." Gaskiya ne. Amma waɗanda suka rayu ne kaɗai ke da bakin faɗin haka. Waɗanda jini ya ƙi tsaya musu suna maƙabarta, an ce kwanansu ne ya ƙare, ba wanda ya rubuta dalili. Za a kuma ce an sha yi wa yaro balli-balli ya daina kuka. Wannan ma gaskiya ne, sai dai kukan murɗar ciki na jarirai yakan tsananta wajen mako shida, ya lafa da kansa a wata uku zuwa huɗu, ko an yi tsaga ko ba a yi ba. Lokaci ne ya yi magani, aska ta karɓi godiya.

Wasu kuma sukan kafa hujja da cewa ƙaho sunna ne. Babu musu, hadisai sun zo da yabon ƙaho. Amma a cikin Buhari da Muslim ɗin nan dai an ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mata azabtar da 'ya'yansu da danna musu maƙogwaro saboda ciwon wuya, ya nuna musu magani mai sauƙi a maimakonsa. In an hana danna yatsa, ina ga sa aska?

Hujjar Sinawa

Akwai wata hujja da ta fi yawa a bakin 'yan'uwana ɗalibai masu kishin al'ada. Sukan ce, ga Sinawa can suna soka wa mutane allura da sunan magani fiye da shekara 2,000, duniya ta karɓa, har hukumar UNESCO ta sa abin a cikin jerin kayan gadon ɗan Adam a 2010. Don me namu zai zama abin ƙyama? Ba raini ba ne kawai irin na Bature?

Kishin yana da kyau, amma kwatancen bai zauna ba. Allurar Sinawa siririya ce kamar gashi, ba ta yanke nama, ba ta cire wata gaɓa, kuma a yau sau ɗaya ake amfani da ita a jefar. Masu wannan sana'a sun yarda an kai aikinsu makaranta, an rubuta shi, an gwada shi, an yi masa doka. Abin da ya fi jan hankali shi ne yadda Japanawa suka yi da aka zo kan yara. Sun daɗe da wata hanya da suke kira shonishin, wadda ta yi ƙarfi a yankin Osaka, inda ake shafa fatar yaro ana ɗan bubbuga ta da ƙarfe mai dakusasshen baki, ba tare da an huda ba. Watau su da kansu sun ga jikin yaro ba irin na babba ba ne, suka janye tsini. Duk da haka, da aka gwada sukan allura ga jarirai masu murɗar ciki a ƙasashen Suwidin da Norwe, sakamakon ya saɓa wa juna, har wasu daga cikin masu binciken suka ce bai kamata a ba da shawarar yin sa ba. Darasin da ke cikin labarin Sinawa shi ne al'adar da ta yarda a gwada ta, ta zubar da abin da ya kasa, ita ce take daɗewa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Ina Mafita?

Hana wanzami shiga gida ba zai yiwu ba, kuma ba shi da amfani. In aka tsananta, aikin zai koma ɓoye ne, yaron da jini ya ƙi tsaya masa a ƙi kai shi asibiti don tsoron hukuma. Tun a taron Alma-Ata na 1978 ƙasashen duniya suka amince cewa masu maganin gargajiya, in an horar da su, suna da gurbi a kiwon lafiya matakin farko. Mu ma mun ga misali a gida. Bayan ƙin allurar shan inna da aka yi a 2003, ba a ci nasara ba sai da aka bi ta hannun sarakuna da malamai, har aka tabbatar a 2020 cewa cutar ta daji ta ƙare a Afirka. A Jihar Sakkwato kuma an gwada wata dabara, an horar da wanzamai su riƙa ba iyaye katin zuwa rigakafi idan sun je askin suna. Sakamakon da aka buga a 2020 ya nuna 'ya'yan waɗanda suka karɓi katin sun fi samun allurar haihuwa.

Abin da ya yiwu a Sakkwato zai yiwu a Kakuri da Makera da Nasarawa. Wurin ba ya rasa asibitoci: ga asibitin St. Gerard da na Gwamna Awan, ga ƙananan cibiyoyin lafiya a mazaɓu. Abin da ake bukata shi ne mai haɗa zaure da asibiti, kuma babu wanda ya fi wanzami dacewa, tunda shi ke ganin jariri a makonsa na fari. Shawarata ga ƙananan hukumomin Kaduna ta Kudu da Chikun ita ce su zauna da sarakunan aska da masu unguwanni a kan abu huɗu. Na ɗaya, a koya wa wanzami alamomin haɗari: ƙin shan nono, zafin jiki ko sanyinsa, shawara a ido, numfashi da sauri, jijjiga, da warin cibiya. Na biyu, askin suna ya zama da sabuwar reza, kowane yaro da tasa. Na uku, linzami da kumburi mai ruwa, waɗanda likitoci ma sun san su kuma suna yi musu aiki, a tura su asibiti. Na huɗu, a biya wanzami lada a kan kowane jaririn da ya tura, don ba a raba mutum da abincinsa a ce ya yi murna. Sa'an nan wa'azin ya bar tsayawa a kan mai jego, a kai shi ga kakanni da gwaggwanni da magidanta, a masallaci da coci da gidan suna.

Kammalawa

Saura namu aikin, mu ɗaliban Hausa. Likita ya san cuta amma sau da yawa bai san sunanta a bakin tsohuwa ba. Tsohuwa ta san sunan amma ba ta san abin da ke ƙarƙashinsa ba. Mu ne ke tsakiya. Maimakon kowace shekara mu sake jera kayan zabira a kundin neman digiri, me zai hana wani ya shiga Makera ya tattara sunayen cututtukan jarirai daga bakin ungozomomi da wanzamai, ya zauna da ma'aikatan lafiya a daidaita kowane suna da abin da yake nufi? Me zai hana wani ya rubuta wasan kwaikwayo na rediyo wanda kaka za ta ji ba ta ji an zage ta ba? Wannan ma nazarin al'ada ne, kuma shi ne wanda zai amfani masu al'adar.

Hausawa sun ce wanzami ba ya son jarfa. Shi da ya san zafin aska ke nan, yana kuma da bakin cewa a'a. Jariri ɗan kwana uku ba shi da wannan baki, sai wanda muka ara masa. A bar wa wanzami girmansa da zabirarsa da kasonsa na ran suna, ya aske suma, ya yi addu'a, ya nuna wa iyaye hanyar asibiti. Ina fata malamaina za su gyara mini inda hujjata ta yi rauni, 'yan'uwana kuma su ɗauki alƙalami su ba ni amsa a fitowa ta gaba. Allah ya raya mana zuriya, ya sa mu dace, amin.